Zafin da ke tafiya da hayaƙi: dabarar rage ƙona gawayi a maƙera

Kowane manomi a ƙasar Tasawa da Mayahi ya san hanyar maƙera. Kafin ruwan shuka ya sauka, can ake kai sungumi da hauya da gatari a gyara. Uwargida kuma ba ta rabuwa da tukunyar sanholo, wadda wasu ke kira tukunyar dalma. Ita kuwa aikin masu zubi ce. Waɗannan sana'o'i biyu abincinsu ɗaya ne, wato gawayi. In gawayi ya yi tsada, hauya ta yi tsada, tukunya ma ta yi tsada. Daga aljihun manomi kuɗin ke fita.

Ranar da ka je wurin mai zubin tukunya, ka tsaya daga nesa kaɗan, ka dubi saman murhunsa. Za ka ga iska tana rawa, kamar yadda take yi a bisa kwalta da tsakar ranar bazara. Ba mai iya miƙa hannu wurin. Wannan zafi da ke tashi sama, gawayi ne da aka saya da kuɗi. Bai narkar da kome ba, ya tafi abinsa. Akwai dabarar da ake tare wani kashi nasa, a mai da shi cikin wuta. A kanta za mu yi bayani yau.

Ƙirya ba ta gaggawa

Maƙeri ba kowane gawayi yake so ba. Tambayi dattawan maƙera, za su ce maka babu kamar gawayin ƙirya. Itace ne mai nauyi, mai tauri. Gawayinsa yana daɗewa yana ci, kuma yana ba da zafin da ƙarfe zai yi laushi. To, amma ba maƙeri kaɗai ke neman ƙirya ba. Da ita ake sassaƙa turmi da taɓarya masu ƙarko. Da ƙwayar ƴaƴanta mata ke yin daddawa. Dabbobi na cin ganyenta da ƴaƴanta da rani. Masu magani na ɗibar sassaƙenta da saiwarta. Itace ɗaya, masu nema da yawa.

Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun kashe itatuwa masu yawa a jihar Maraɗi. Gonaki kuma suka yi ta faɗaɗa, daji ya yi ta tsukewa. Daga shekarun 1980 manoman jihar suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma cikin gona. Wani bincike da aka buga a 2009 ya ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da ƙasa kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin alfahari ne ƙwarai. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Abin da ya fi dawowa shi ne sabara da kalgo da gawo. Ƙirya kuwa a hankali take girma. Wanda ya raini ƙirya a gonarsa bana, ɗansa ne zai sassaƙa turmi da ita.

A tuna kuma, a irin ƙonawar da ake yi a rufe da ƙasa, sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami gawayi kilo 1. Ke nan wanda ya rage buhu ɗaya na gawayi, ya bar wa daji itacen da ya fi buhun nauyi sau biyar ko fiye.

Wuta da iska

Kowa ya san wuta ba ta ci sai da iska. Shi ya sa maƙeri ke da zugazugi, mai zubi kuma ke da fankar da yaro ke juyawa da ƙafar keke. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yawan iskar. Iska tana da nauyi, ko da yake jikinmu ba ya jin sa. Masana sun auna: gawayi kilo 1 ba ya ƙonewa sarai sai ya sha iska kilo 10 ko fiye. Wato abin da ke shiga murhu ta bututun zuga ya fi abin da ake zubawa daga buhu nauyi har sau goma.

Kuma ba dukan iskar ce ke ciyar da wuta ba. In aka raba iska kashi 5, kashi 1 ne kaɗai ke sa wuta ta ci. Shi ake kira oksijin, shi ne kuma jikinmu ke ɗauka in mun yi numfashi. Sauran kashi 4 ƴan rakiya ne. Su shiga da sanyi, su ɗebi zafi, su fice da shi ta sama.

Uwargida ta fi kowa gane wannan magana. Tukunya na tafasa, sai aka ƙara mata ruwan randa. Me ke faruwa? Tafasa ta tsaya, sai an ƙara itace. Don haka mace mai dabara takan ajiye butar ruwa a gefen murhu. In za ta ƙara ruwa, ta ƙara mai ɗumi. To, iskar zuga ita ce ruwan randar wutar maƙeri. Kowace hurawa tana kawo abinci ga wuta, amma tana kawo sanyi tare da shi.

Bari mu sa lamba a kan maganar. Ana auna zafi da digiri. Ruwa na tafasa a digiri 100. Zafin rana a Tasawa cikin Afrilu da Mayu yakan wuce 40. Sanholo ba ya narkewa sai a digiri 660. Ƙarfen hauya kuwa, sai ya kai wajen digiri 900 zuwa 1,200 yake bin masaɓa yadda ake so. Tun da sanholo na narkewa a 660, hayaƙin da ke fita daga gefen tukunyar narki ya fi haka zafi, yakan wuce 700. In mun ce hayaƙi a nan, muna nufin har da iskar nan mai zafi da ido ba ya gani, domin gawayi mai kyau ba ya turnuƙewa.

Ga iska tana shiga a digiri 30, tana neman ɗumi. Ga hayaƙi yana fita a sama da digiri 700, yana zubar da zafi a banza. Dabarar ita ce a sa su wuce kusa da juna, bangon ƙarfe a tsakaninsu. Zafi ya ratsa ƙarfen ya shiga iska, amma hayaƙin kansa bai gauraya da ita ba.

Inda aka fara

Dabarar ta kusa shekara 200. A birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan, cikin Birtaniya, an yi wani injiniya mai suna James Neilson. Shi ne shugaban ma'aikatar gas ta garin. A zamaninsa masu narkar da tama sun yarda cewa iska mai sanyi ta fi kyau ga wuta. Hujjarsu ita ce murhunsu ya fi ba da ƙarfe a lokacin sanyi. Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ta kuɓuce musu. Ba sanyin ne ke taimako ba. Iskar lokacin sanyi ba ta ɗauke da laima da yawa, kamar dai ta hunturunmu.

Neilson ya gwada a wutar maƙeri. Ya ɗumama iskar kafin ta isa bakin wuta, sai wuta ta ƙara haske da ƙarfi. A 1828 ya sami takardar hukuma ta mallakar dabarar. Aka kai ta ma'aikatar ƙarfe ta Clyde, kusa da Gilasgo. Su kwal suke ƙonawa, wato gawayin ƙasa irin wanda ake haƙa a Anu Araren, jihar Agadas. A 1829 sai an ƙona kwal fiye da tan 8 ake samun ƙarfe tan 1. Tan 1 kilo 1,000 ne. A 1830, da aka ɗumama iska zuwa wajen digiri 150, sai aka koma tan 5 da ɗan kai. A 1833 an kai iskar sama da digiri 300, an yi wasu gyare-gyare, kwal ɗin da ake ƙonawa bai kai tan 3 ba.

Amma Neilson wata wuta daban yake hurawa don ɗumama iskar. A 1832, a wata ma'aikatar ƙarfe ta Jamus, aka ga babu dalilin hura wuta ta biyu, alhali ga harshen wuta yana fita ta bakin murhu. Sai aka bi da bututun iska ta cikinsa. A 1857 wani injiniyan Ingila, Edward Cowper, ya fito da dogayen ɗakuna cike da tubali masu ramuka. Zafi ya ratsa tubalin har su yi ja, sannan a juya, a tura iska mai sanyi ta bi cikinsu ta ɗebe zafin. Har yau manyan ma'aikatun narkar da tama da irin waɗannan ɗakuna suke aiki.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. Kowanenmu yana yawo da irinta a fuskarsa. Da asubar hunturu, in ka fitar da numfashi, wani kashi na ɗumin ƙirjinka yana saura a bangon hanci. In ka ja numfashi, iskar waje mai sanyi ta ɗebi ɗumin nan kafin ta isa huhu. Hancin raƙumi ya fi namu gwaninta, har laimar numfashi yake tarewa, abin da ke taimaka masa jure ƙishirwa.

Yadda ake haɗawa

Mu ɗauki murhun mai zubi, domin shi ya fi dacewa. Yawanci rami ne, ko rabin gangar ƙarfe da aka yaɓe da laka. Gawayi a ciki, tukunyar narki a tsakiya, iska na shigowa ta ƙasa. Samansa a buɗe yake, zafi na watsewa ko'ina.

Aikin farko shi ne tattara hayaƙin wuri ɗaya. A yi wa murhu murfi na ƙarfe mai kauri, a yaɓe shi da laka, ta yadda za a iya ɗagawa a ɗauki tukunyar narki. A gefe a gina mafitar hayaƙi da laka ko tubali, tsawonta ya wuce kan mutum. Wannan kaɗai ma yana rage ɓarna, tun ba a je ga bututu ba.

Sannan a sami bututun baƙin ƙarfe mai kauri, a zura shi cikin mafitar hayaƙi daga sama zuwa ƙasa. A nan ne hikimar take, a lura da kyau. Iskar fanka ta shiga ta sama, inda hayaƙi ya fara hucewa. Ta gangaro ƙasa, hayaƙi kuwa yana hawa. Ta fita ta gindi, inda zafi ya fi tsanani, daga nan ta wuce bakin wuta. Me ya sa ba za su tafi tare ba? In suka bi hanya ɗaya, can gaba zafinsu zai zo ɗaya, musaya ta tsaya. In kuwa suna saɓani, duk inda iska ta kai za ta tarar da hayaƙin da ya fi ta zafi, ta yi ta ƙaruwa har ƙarshen bututu.

Guntun bututun da ke tsakanin mafitar hayaƙi da bakin wuta ya zama gajere. A lulluɓe shi da laka da aka kwaɓa da toka da ƙaiƙayi, don kada zafin da aka tara ya tsere a hanya.

Bututun ya fi wanda aka saba faɗi. Iska in ta yi zafi kumbura take. A digiri 300 takan kusa ninka girmanta. In bututu ya yi ƙunci, ko lanƙwasa ta yi yawa, yaron fanka zai yi ta gumi, iskar da ke isa wuta kaɗan ce. Ƙarfe ma yana miƙewa in ya yi zafi. Saboda haka kada a ɗaure bututun tamau ta kai da gindi. A bar masa ɗan wurin motsi a sama, in ba haka ba ya tsaga ginin.

Fanka kullum tana ɓangaren sanyi, ita ke tura iska, ba ta jan mai zafi. Mai zugazugin fata ya ƙara kula. Ya nisanta fatar daga bututu mai zafi, domin zugazugi yakan ja iska da baya, fata kuwa ba ta jure wuta.

Nawa za a rage? Bisa lissafi, in hayaƙi na fita a digiri 800, aka ɗumama iska zuwa 300, za a rage kusan buhu 1 cikin 7 ko 8. Ba rabi ba ne, kada a ruɗe ku. Abin da za a samu a hannu ya danganta da tsawon bututu, da kyan yaɓe, da hannun mai aiki. Amma ga wanda ke hura wuta kullum, buhu 1 cikin 8 a shekara ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma saurin narki, wanda ke rage wa yaro wahalar juya fanka.

Wanda bai da kuɗin bututu yanzu, akwai matakin da ba ya cin ko dala. Ya jera guntayen sanholon da zai narkar a bisa murfi ko a bakin mafitar hayaƙi, su yi zafi kafin a zuba su. Riba biyu ce. Sun shiga da ɗumi, kuma sun bushe. Bushewar ta fi muhimmanci, domin ɗigon ruwa in ya shiga narkakken sanholo fashewa yake, ya watsu a fuska da ƙafa. Gwangwani rufaffe kuwa, a huda shi ko a fasa shi tukuna.

A kiyaye lafiya

Kada a yi amfani da ƙarfe mai farin shafe, irin na kwanon rufin ɗaki da bututun famfo mai ƙyalli. In ya sha wuta, shafen yana tashi da farin hayaƙi. Wanda ya shaƙe shi, bayan ƴan sa'o'i sai zazzaɓi da rawar jiki da ciwon gaɓoɓi, har a zaci zazzaɓin sauro ne. Baƙin ƙarfe kaɗai za a nema.

Gawayi kuma yana fitar da wata iskar guba marar launi, marar wari. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. In ta yi yawa mutum ya suma, har ya mutu. Ita ce ke kashe waɗanda suka shiga ɗaki da garwashi a daren hunturu suka rufe ƙofa. Murhun da aka yi wa murfi ba ya rage wannan guba, tattara ta yake yi. Saboda haka bakin mafitar hayaƙi ya fita waje, sama da rufin rumfa. Rumfar kuma ta kasance a buɗe. Wanda ya ji jiri a bakin aiki a fitar da shi sarari nan take. In ya suma ko hankalinsa ya gushe, a garzaya da shi asibiti.

Wuta mai iska mai ɗumi ta fi wadda aka saba zafi. Tukunyar narkin da ta tsufa za ta iya hujewa. A duba gindinta kowace safiya. Bututun ma yana cinyewa sannu a hankali, musamman in aka bar zuga alhali wuta na ci sosai, domin iskar da ke bi ta cikinsa ita ke sanyaya shi. Kowane mako a kankare baƙin da ya manne masa. Baƙin nan kamar bargo yake, yana hana zafi ratsawa. Yaran da ke taimako a nuna musu cewa bututun da a da suke dafawa, yanzu yana ƙona hannu ko bai yi ja ba.

Ba kowace wuta ba

A ganina dabarar ta fi amfani ga wanda wutarsa ke ci sa'o'i da yawa ba tsayawa, kamar mai zubi. Maƙerin da ke hura wuta ya gyara hauya ɗaya, ya bari, ya sake hurawa, ribarsa ba ta kai haka ba. Kafin bututu ya yi zafi an gama aikin. Shi abin da ya fi masa shi ne ya kewaye wutarsa da bangon laka ta gefe uku, ya ɗan rufe sama. Sai in damina ta gabato, aiki ya taru daga safe har yamma, sannan bututu zai biya kansa.

Masu gasa burodi da sauran waɗanda ba su da fanka su yi hankali. A wurinsu zafin hayaƙi ne ke sa shi hawa, hawansa kuma ke jawo sabuwar iska. In aka kwashe zafin da yawa, hayaƙi ya yi nauyi, ya dawo cikin ɗaki.

Uwargida ba ta bukatar bututu. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi, wanda aka fara yaɗawa a Nijar cikin shekarun 1980, da murhun laka Albarka, wata hanya suka bi. Suna tilasta wa zafi ya bi jikin tukunya kafin ya fita, suna kuma tare iskar da ke kaɗa wuta. Matsalar dai ɗaya ce, zafin da ke guduwa.

A gwada da tiya

Wanda ya halarci ajin yaƙi da jahilci yana da abin da zai raba gardama: littafi da alƙalami. Kafin a taɓa murhu, a zaɓi tukunya mai girma ɗaya. A auna gawayi da tiya, a rubuta tiya nawa aka ƙona kafin a zuba tukunya 10. A yi haka kwana uku, da gawayi iri ɗaya. Bayan an yi murfi da mafitar hayaƙi, a sake aunawa. Bayan an sa bututu, a sake. Ta haka za a san abin da kowane gyara ya kawo. Sai a ɗauki kuɗin bututu da na gini, a raba da kuɗin gawayin da ake ragewa a mako, a ga mako nawa za a yi kafin kuɗin su dawo.

In tiyoyin ba su ragu ba, a duba wurare uku. Ko bututu ya huje, iska na zurarewa cikin mafitar hayaƙi. Ko ya yi ƙunci. Ko kuwa yaro yana juya fanka da ƙarfin da ya saba. Iska mai ɗumi ba ta bukatar zuga mai yawa, sai a ce masa ya sassauta hannu.